Tsakanin Yatsa da Taswira: Yadda Na Samu Bidiyo Mai Tafiya Sumul da Jirgi Maras Matuƙi

Aikin da ya tilasta mini zama na koyi wannan abu ba wani babba ba ne a ido. An ba ni kwangilar ɗaukar wani gini mai hawa shida da ake kan ginawa, sau ɗaya a kowane wata har a kammala shi, domin a ƙarshe a harhaɗa abin da aka ɗauka ya zama bidiyo guda mai nuna yadda ginin ya taso daga tushe zuwa rufi. Abin da mai aikin ya nema shi ne ɗauka ɗaya ba yankewa, mai tsawon kusan minti guda: jirgin ya taso daga bayan wasu itatuwa, ya yi sama a hankali, ya zagaya rabin ginin yana fuskantarsa, sannan ya ja da baya har filin ya bayyana gaba ɗaya. A lokacin na yi kusan shekara ina tuƙa jirgi maras matuƙi ba tare da na taɓa kayar da shi ba, saboda haka na ɗauka aikin rabin sa'a ne.

Ranar farko da hannu na yi komai. Ga wanda bai taɓa riƙe rimot ɗin irin wannan jirgi ba, sanduna biyu ne a jikinsa, kuma a tsarin da aka fi amfani da shi sandar hagu ita ce ke ɗaga jirgin ko ta sauke shi, ita ce kuma ke juya fuskarsa dama ko hagu, yayin da sandar dama ke tura shi gaba da baya ko ta zame da shi gefe. Akwai kuma wani ɗan gare-gare a ƙarƙashin ɗan'alin hagu wanda ke sunkuyar da kyamara ko ya ɗaga ta. Zagaya gini yana buƙatar a zame gefe da sandar dama, a lokaci guda ana juya fuska da sandar hagu daidai gwargwadon zamewar, idan kuma ana hawa sama sai an riƙa sunkuyar da kyamara kaɗan-kaɗan domin kada ginin ya sulale ya fita ta ƙasan hoto. Motsi huɗu ke nan a kan yatsu uku, kuma kowanne dole ya tsaya a kan ma'auni ɗaya na tsawon minti guda. Na yi zagayen sau bakwai, na cinye batir biyu, na duba a allon waya na ga komai ya yi kyau.

Sai da na buɗe shi a babban allon kwamfuta na ga abin da wayar ta ɓoye mini. Hoton ba ya karkarwa, domin mariƙin kyamarar da ake kira gimbal yana aikinsa: ƙananan injuna uku ne da ke gyara sunkuyo da karkata da juyawa sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa, ta yadda ko jirgin ya kishingiɗa don ya yi kokawa da iska, kyamarar tana nan daram. Matsalar a wani wuri take. Duk bayan daƙiƙa huɗu ko biyar ginin yakan fara zamewa daga tsakiyar hoto, sai a ga an fizgo shi an dawo da shi, kuma wannan fizgar ba komai ba ce illa babban yatsana yana gyara kuskurensa. Gimbal yana iya shanye girgizar da iska ta kawo, amma ba zai ƙi bin umarnin da matuƙi ya ba shi ba, komai muninsa. Ban da wannan, duk lokacin da jirgin ya juya fuska, sandunan ƙarfen da ke tsaye a saman ginin sukan riƙa tsalle-tsalle maimakon su wuce salin-alin, kamar dai an zare wasu hotuna daga tsakiya.

Wannan tsallen na biyu na fara bi, kuma na yi mamakin gano cewa ba shi da wata alaƙa da tuƙi, na hannu ko na na'ura. Bidiyo jerin hotuna ne, nawa kuma yana ɗaukar 25 a kowace daƙiƙa. Ido yana ganin motsi a matsayin mai laushi ne idan kowane hoto yana ɗauke da ɗan dishi-dishin motsi wanda ke haɗa shi da na gabansa. Masu ɗaukar fim suna da tsohuwar ƙa'ida a kan haka, wadda ke cewa shota, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga, ta kasance a buɗe na rabin lokacin kowane hoto. Ga mai ɗaukar hotuna 25 a daƙiƙa wannan yana nufin 1/50, ga mai 30 kuma 1/60. Da na duba bayanan abin da na ɗauka sai na tarar kyamarar, da yake na bar ta ta zaɓa wa kanta kuma rana ta take, ta kai shotar har 1/1600. Kowane hoto ya fito tas kamar an yanke shi da reza, babu abin da ya haɗa shi da ɗan'uwansa. Yawancin ƙananan jiragen nan ba a iya tsuke idon kyamararsu, don haka hanyar da ta rage ita ce a sa mata gilashin rage haske mai lamba ND. Lissafinsa ba wuya: lambar ita ce ninkin da ake rage hasken da shi, kuma 1600 a raba da 50 ya ba da 32, saboda haka ND32 nake buƙata da tsakar rana, ND8 ko ND16 kuma idan rana ta yi sanyi. Na kulle haske da launi da hannu don kada kyamarar ta riƙa canza su a tsakiyar zagaye idan ta fuskanci rana. Na kuma canza farfela guda da na ga bakinta ya ɗan tsage, domin farfelar da ba ta daidaita ba tana haifar da wata siririyar karkarwa da ke sa layukan gini su riƙa kaɗawa kamar an hango su ta cikin ruwa.

Akwai wata ƙa'idar kuma da na ci karo da ita, wadda ita ma daga masu fim ta fito: idan kyamara na juyawa, abin da ya shigo ta gefe ɗaya na hoto kada ya fita ta ɗaya gefen cikin ƙasa da daƙiƙa bakwai. Faɗin abin da kyamarata ke gani bai wuce digiri 70 ba, wanda ke nufin juyawar da ta haura digiri 10 a daƙiƙa za ta fara sarƙewa a ido. Ni kuwa a lokacin gyaran kuskure ina ninka wannan sau biyu ko uku ba tare da na sani ba.

Daga nan na koma kan rimot. A cikin manhajar jirgin akwai wurin da ake rage kaifin sanduna, ta yadda ɗan motsi kusa da tsakiya ba zai haifar da komai ba sai kaɗan, sai an tura sandar sosai kafin jirgin ya ba da ƙarfinsa. Na rage wannan, na rage iyakar saurin juyawa, na sa birkin jirgin ya riƙa kamawa a hankali, na kuma rage saurin sunkuyon kyamara tare da ƙara mata laushin tsayawa, domin idan na saki garen ta ƙarasa a sannu maimakon ta ƙame nan take. Na sauya salon riƙo daga ɗora babban yatsa kawai zuwa matse sandar tsakanin babban yatsa da manuniya, abin da ya ɗauke ni kwanaki kafin hannuna ya daina ƙorafi. Sakamakon ya inganta ƙwarai, har a cikin gwaji goma nakan samu biyu da zan iya nuna wa mutum ba tare da jin kunya ba. Amma da na ɗora biyun nan ɗaya a kan ɗaya a kwamfuta, sai na ga ba hanya ɗaya suka bi ba: a na farko jirgin ya fi kusa da ginin, a na biyu ya fi tsawo da mita biyu ko uku, kuma sun bambanta da daƙiƙa tara a tsawon lokaci. Ga bidiyo guda wannan ba laifi ba ne. Ga aikin da za a narkar da watan Maris cikin na Afrilu ba tare da ginin ya yi tsalle ba kuwa, wannan ba zai yi ba ko kaɗan.

A nan ne na miƙa wa na'ura ragama. Tuƙin kai-da-kai ba sabon abu ba ne a wannan fanni; tun a 2016 kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fitar da Phantom 4 mai iya bin abin da aka nuna masa da kuma hango cikas a gabansa, kuma tsarin dasa zanguna a taswira ya ma riga wannan. Hanyar ita ce mutum ya zana wa jirgin tafarki: a kowane zango ya faɗa masa tsawon da zai kasance, da inda zai fuskanta, da yadda kyamara za ta sunkuya, da saurin da zai wuce da shi. Da farko na zauna a gaban taswirar tauraron ɗan'adam na dasa zanguna 14, ina tunanin yawansu shi zai sa tafiyar ta yi daidai. Ashe akasin haka ne. Jirgin ya riƙa zuwa kowane zango yana rage gudu, ya gyara fuska, sannan ya zabura zuwa na gaba, kamar mai tafiya yana tsayawa gaisuwa a kowace ƙofa. Abin ya fi tuƙin hannuna muni nesa ba kusa ba.

Gyaran ya ɗauke ni yammaci uku. Abu na farko shi ne na zaɓi lanƙwasa a maimakon kusurwa, wanda ke sa jirgin ya yanke kwana cikin baka ba tare da ya taka ainihin zangon ba. Wannan yana da sharaɗi, domin tunda ba ya bi ta kan alamar da aka dasa, dole a bar masa sarari ta cikin kwanar. Na biyu, na rage zangunan zuwa shida, saboda kowane zango wata dama ce ta fizga, kuma baka mai faɗi tsakanin zanguna masu nisa ta fi laushi. Na uku, maimakon in rubuta wa kowane zango inda zai fuskanta, sai na dasa alama guda a tsakiyar ginin a tsawon hawa na uku na ce wa jirgin ya zuba mata ido ko'ina yake, shi ya lissafa juyawar da sunkuyon da kansa. Na daina amincewa da taswira kaɗai, domin hoton tauraron ɗan'adam yakan kauce wa ainihin ƙasa da wasu mitoci kuma ba ya nuna tsawon itace. Sai na tuƙa jirgin da hannu zuwa kowane wuri, na duba abin da kyamara ke gani, sannan na danna a ajiye wurin a matsayin zango. Na sa sauri ɗaya tak, mita 3 a daƙiƙa, tun daga farko har ƙarshe. Da tazarar mita 35 daga tsakiyar ginin, rabin zagayen ya kama kusan mita 110, wato daƙiƙa 37, juyawar fuska kuma ba ta wuce digiri 5 a daƙiƙa ba, rabin iyakar da ido ke jurewa.

Abu na ƙarshe da na ƙara shi ne wanda ya fi kowanne amfani, kuma bai ci mini komai ba: zango ɗaya kafin inda nake son bidiyon ya fara, da wani bayan inda nake son ya ƙare. Na'ura ba ta iya tashi da tsayawa cikin ladabi ba, takan fizga a farko ta kuma ƙame a ƙarshe, don haka sai na bar ta ta yi fizgarta a wajen abin da zan yi amfani da shi, in ya so na datse wuraren a lokacin tacewa.

Ranar da na fara ganin sakamakon, na tsaya a gefen fili hannuwana a kan rimot ba sa yin komai, ina kallon jirgin yana zana baka a sama kamar an ɗaure shi da zare a jikin ginin. Na maimaita sau uku, tsawon lokacin bai bambanta da fiye da daƙiƙa ɗaya ba. Wata 'yar iska ta taso a zagaye na biyu, na ga jirgin ya karkata yana tokare ta, amma a hoto babu alamarta, saboda kwamfutar cikinsa tana gyara matsayi tun kafin idona ya lura an kauce. A wannan fage, wato riƙe sauri ɗaya a kan lanƙwasa ɗaya da maimaita shi bayan wata guda, ban ga yadda yatsan ɗan'adam zai yi gasa da ita ba, kuma na daina yaudarar kaina cewa ƙarin atisaye zai kai ni can.

Sai dai wata na biyu ya nuna mini iyakarta. Na ɗora sabon bidiyon a kan tsohon, na ga ginin ya goce gefe da kimanin mita ɗaya. Dalili shi ne GPS na irin waɗannan jirage, wato tsarin gano matsayi ta taurarin ɗan'adam, ko da yana haɗawa da taurarin Galileo na Turai da BeiDou na Sin, daidaitonsa a kwance bai wuce na mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, tsawo kuma ba daga ƙasan da ke ƙarƙashin jirgin ake auna shi ba, daga wurin da ya tashi ne, ta hanyar ma'aunin nauyin iska wanda shi ma yakan ɗan goce idan yanayi ya sauya. A watan farko daga kan wani tudun yashi na tashi, a na biyu kuwa an kwashe yashin. Tun daga ranar na zaɓi wani dandamalin siminti da ba zai gusa ba na shafa masa alamar fenti, kuma nakan bar jirgin a ƙasa a kunne na minti biyu har adadin taurarin da ya kama ya daidaita kafin na tashe shi. Ɗan bambancin da ya rage nakan gyara shi a tacewa, da yake ina ɗauka da babban girman hoto na 4K ina fitarwa da ƙaramin girma na 1080, abin da ke ba ni sararin matsar da hoton ba tare da ya dushe ba.

A wata na uku ne na kusa yin asara. An kafa injin ɗaga kaya a gefen ginin, hannunsa ya miƙo daidai kan bakar da ke tsakanin zango na uku da na huɗu, taswirar da ke cikin manhaja kuwa ba ta san da zamansa ba. Na lura da shi, na kiyasta da ido cewa jirgin zai wuce ta samansa, na danna a fara. Da ya matso, na'urorin hango cikas suka ga ƙarfen suka taka birki da ƙarfi, jirgin ya ƙame a sama yana ƙara, igiyar ƙarfen da ke reto daga hannun injin tana 'yan mitoci kaɗan daga farfelarsa. Ƙarfen mai kauri suka gani. Igiya siririya irin wannan, da wayoyin lantarki da busassun rassa, na'urorin sukan kasa ganinsu, kuma da ita ce a gaba da labarin ya sha bamban. Laifin nawa ne, domin na'urar tafarkin da na ba ta kawai ta bi. Tun daga nan ban sake sakin jirgin a kan tsohon tafarki ba sai na fara bin sa da hannu a hankali, kuma babban yatsana ba ya barin maɓallin dakatarwa muddin yana tafiya da kansa.

A wannan watan ne kuma mai aikin ya roƙi ƙarin wani abu, wato a bi wata motar siminti tun daga ƙofar shiga har inda za ta juye kayanta. Na gwada tsarin bin abu da kansa: na zana akwati a kan motar a allo, jirgin ya kama ta. Muddin tana tafiya a fili ɗaya da sauri ɗaya, abin gwanin sha'awa. Amma da direban ya rage gudu a wani rami, sai jirgin ya yi birki ya sake zabura, da motar ta shiga bayan tarin bulo kuma ya rasa ta, ya tsaya yana waige-waige. Na'urar tana mayar da martani ne ga abin da ya riga ya faru, ni kuwa ina ganin ramin tun kafin motar ta kai gare shi, na san za ta fito ta ɗaya gefen bulon, don haka ina iya fara sassautawa da wuri in kuma ci gaba da tafiya a lokacin da ta ɓuya. Da hannu na ɗauke ta a gwaji na biyu, da hotuna 50 a daƙiƙa da shota 1/100, na rage saurin zuwa rabi a tacewa, abin da ya sa ƙananan gyare-gyaren yatsana suka miƙe suka zama kamar da gangan aka yi su. Wannan dabarar ba ta dace da ko'ina ba, domin mutanen da ke tafiya a ƙasa sukan koma kamar masu yawo a cikin ruwa, amma ga mota da ƙura ta yi daidai.

Akwai wani abu kuma da sai a wata na huɗu na iya sa masa suna. Zagayen da na'ura ke yi, duk da tsabtarsa, yana da wata irin bushewa: kyamarar tana kafe a kan alama ɗaya da sauri ɗaya, ba ta san cewa hawa na biyar da aka ɗora a wannan watan shi ne labarin ba. Sai na raba aikin gida biyu. Na bar wa na'ura tafarki da sauri da juyawar fuska, wato abubuwa ukun da ke gagarar yatsuna, na karɓe sunkuyon kyamara kaɗai na riƙe a hannuna. Da motsi ɗaya tak a gabana ina iya ba shi dukkan hankalina, in fara ɗaga kyamarar a sannu daidai lokacin da jirgin ya fito daga bayan itatuwa, in ɗan jinkirta a kan sabon hawan, sannan in sake ta. A kowace ziyara yanzu ina ɗaukar biyu: ɗaya na na'ura zalla domin jerin wata-wata, inda ake son komai ya zauna a wurinsa, ɗaya kuma na haɗin gwiwa domin gajeren bidiyon da mai aikin ke nuna wa masu zuba jari.

Ginin yanzu ya kai hawa na shida, ana shirin rufi. Alamar da na dasa a tsawon hawa na uku ta fara yin ƙasa da yawa, har saman ginin yana neman taɓa gefen hoto a tsakiyar zagaye, kuma idan na ɗaga ta jerin watannin baya ba zai hau kan na gaba ba. Abin da na yanke shi ne in bar tsohon tafarkin yadda yake har a gama, in kwafe shi in yi na biyu mai tazarar mita 45 da alama a hawa na huɗu, in riƙa tashi sau biyu. Hakan na nufin ƙarin batir ɗaya a kowace ziyara, da kuma sake bin sabuwar bakar da hannu a mako mai zuwa, domin ta ɓangaren gabas za ta ratsa kusa da layin wayar lantarkin da tsohuwar ba ta taɓa kusanta ba.